Daga wasan gina birni a waya zuwa gonakin Gaya: Filin wa birni ke ci idan zai faɗaɗa?

Duk wanda ya taɓa buga wasan gina birni a waya ko a kwamfuta ya san inda wasan ke cije masa. Ya shimfiɗa tituna, ya ja ruwan famfo da lantarki, ya ware unguwar gidaje da ta masana'antu, jama'a sun cika gari, haraji yana shigowa. Can sai ya duba ya tarar babu sauran wurin da zai kafa ko da teburin mai shayi. Wani siririn layi ya kewaye garin. A bayan layin ga fili nan shimfiɗe kore shar, ba kowa a cikinsa, amma wasan ya hana a taɓa shi sai an cika wasu sharuɗɗa an kuma biya kuɗi.

Da zarar an biya, layin ya matsa gaba, katafila ta shiga. Babu mai gona da zai tare hanya, babu magada da za su garzaya kotu, babu maƙabarta, babu burtalin shanu.

Matashin da ke wannan wasa a Balan, ɗaya daga cikin mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Gaya a gabashin Jihar Kano, idan ya ɗaga kai daga wayar ya kalli bayan gari, abin da zai gani daban ne. Gonakin gero da dawa da wake da gyaɗa ne a jere, kowace da iyakarta, kowace da mai ita, kuma mai unguwa zai iya faɗa masa wa ya gaje ta daga wa. Tsakaninsa da birnin Kano ya haura kilomita 50, amma shekara da shekaru birnin yana tafowa ta kan titin Maiduguri, gona bayan gona. Abin da wasan ke warwarewa da danna maɓalli ɗaya, shi ne ya rusa gidaje, ya kai gwamnati kotu, har ya ci rayuka a gefen Kano cikin 'yan shekarun nan.

Yadda ake ƙara fili a cikin wasan

Uban waɗannan wasanni shi ne SimCity, wanda wani Ba'amurke mai suna Will Wright ya ƙirƙira, kamfanin Maxis ya fitar a 1989. Mai wasa shi ne magajin gari. Ba a cin wasan, ba a kuma gama shi; garin ne dai ko ya bunƙasa ko ya tsiyace.

Batun fili ba ƙaramin abu ba ne ga masu wannan wasa. Lokacin da aka fitar da sabon SimCity a 2013, manyan koke-kokensu biyu ne: dole sai da intanet ake buga shi, sannan filin da aka ba su ƙarami ne, kimanin kilomita biyu tsawo, biyu faɗi, kuma babu hanyar ƙara shi. Bayan shekara biyu, a Maris ɗin 2015, wani ƙaramin kamfani na ƙasar Finlan mai suna Colossal Order ya fito da Cities: Skylines, ya kwashe kasuwar. Zuwa 2022 an sayar da fiye da kwafi miliyan 12.

A Cities: Skylines ana farawa ne da yanki ɗaya mai kusurwa huɗu, kusan kilomita biyu ta kowane ɓangare. Duk lokacin da yawan jama'ar gari ya kai wani mataki, sai a ba mai wasa izinin sayen wani yankin da ke maƙwabtaka da nasa. Yankuna 25 ne a taswirar, amma tara kawai aka yarda ya mallaka. Kafin ya saya, wasan zai nuna masa abin da ke ciki: ko akwai ruwa, ko daji, ko ma'adinai, ko ƙasar noma mai kyau, ko babbar hanya da layin dogo. Mutanen da ke zaune a wurin ne kaɗai ba sa cikin lissafin, domin babu su.

'Yan wasa ba su haƙura da tara ba. Masu ilimin manhaja daga cikinsu suka yi wa wasan kwaskwarima, suka buɗe duka 25, daga baya wani gyara da ake kira 81 Tiles ya buɗe taswirar har bakin iyakarta. Da kamfanin ya fitar da kashi na biyu a Oktoban 2023, sai ya yanyanka taswirar zuwa ƙananan yankuna 441, jimillarsu kimanin murabba'in kilomita 171. A allo abin da girma, amma Ƙaramar Hukumar Gaya ita kaɗai ta haura murabba'in kilomita 600.

Waɗancan dai sai mai kwamfuta mai ƙarfi da wutar da ba ta ɗaukewa. Waɗanda suka fi kusa da hannun matashin karkara su ne na waya, irin su SimCity BuildIt da Township, kuma a nan ƙara fili ya koma kasuwanci tsantsa. A na farko sai an tara sassan katafila uku, wato taya da salansa da ƙarfen gaba da take ture ƙasa da shi. A na biyu kuma shebur da gatari da zarto. Kayan ba sa samuwa yadda ake so, kuma duk ƙarin da aka yi, na gaba ya fi shi cin kaya. Wanda haƙurinsa ya ƙare zai iya sa kuɗin gaske, abin da kamfanin ke jira ke nan tun farko. Ko a cikin waya ma, wanda fili ya matse shi abincin dillali ne.

Masu tsara wasannin ba sa ɓoye cewa suna cire abin da zai gunduri mai wasa. Stone Librande, wanda ya jagoranci tsara SimCity na 2013, ya taɓa bayyana cewa da suka auna girman filayen ajiye motoci a biranen gaske, sai suka ga idan suka sa su yadda suke wasan zai rasa armashi, don haka suka ɓoye su. In har filin ajiye mota ya yi wa wasa nauyi, ina ga rigimar gado da diyya?

Kano ta daɗe tana matsar da layinta

Mutanen Gaya suna iya cewa da su aka fara. Tarihin baka ya nuna cewa maƙeran Abagayawa daga Gaya suka tashi neman tama, suka sauka a gindin dutsen Dala, kuma sunan ɗaya daga cikinsu, Kano, shi garin ya ɗauka. Idan birnin ya iso Gaya wata rana, to gida ya dawo.

Layin da ya kewaye Kano ta dā shi ne ganuwa, kuma an matsar da ita fiye da sau ɗaya. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin, ɗansa Tsaraki ya kammala. Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya gina fadarsa a gefen garin na wancan lokaci. A zamanin Muhammadu Nazaki, farkon ƙarni na 17, aka sake ƙari. Labarin da aka rubuta shi ne rashin lafiya ta hana Wambai Giwa bin sarki yaƙi. Da ya warke yana neman abin da zai faranta wa ubangidansa rai, sai mutanensa suka ba shi shawarar ya ƙara wa birni girma. Ya ja sabuwar ganuwa ta wajen Gadon Ƙaya da Dukawuya da Kabuga har Kansakali.

Abin lura shi ne abin da suka kewaye. Hugh Clapperton, Baturen Birtaniya da ya shiga Kano a 1824, ya rubuta cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba, sauran gonaki ne da lambuna. Heinrich Barth, Bajamushen da ya zo a 1851, shi ma ya tarar da fili mai yawa a ciki. Masu ginin sun kewaye fiye da buƙatarsu da gangan, domin idan abokan gaba sun yi wa gari ƙawanya a samu inda mutanen ƙauye da dabbobinsu za su fake, a kuma samu abin da za a ci. Sun tanadi fili tun kafin su buƙace shi, kuma sun ɗauki gona a matsayin wani ɓangare na birni. Ƙasar da aka gina gidaje da ita ma daga cikin gari aka haƙo ta, ramukan suka zama kududdufai masu shanye ruwan damina kafin ya gangara Jakara.

Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903, suka yi zamansu a wajen ganuwa. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka yanka Sabon Gari a 1913, daga nan ganuwa ta daina zama iyaka. An yi wa birnin tsarin bunƙasa na shekara 20 a ƙarƙashin wani masanin tsara birane, B.A.W. Trevallion, wanda zai yi aiki daga 1963 zuwa 1983. Wa'adin ya ƙare, birnin bai tsaya jiran wani ba. Yau ya mamaye ƙananan hukumomi takwas, wato Birni da Kewaye, Dala, Fagge, Gwale, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, waɗanda ƙidayar 2006 ta ba su kimanin mutum miliyan 2.8, kuma ya fara shiga na maƙwabta. Dattawa da yawa sun san Rijiyar Zaki da Sheka da Bachirawa da Mariri suna gonaki.

Ba jeji birnin ya ci ba. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya yi bincike a karkarar Kano tun shekarun 1960, ya nuna yadda manoman da ke kewaye da birnin ke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu ba tare da ta mutu ba, jakuna suna shiga birni da itace su fito da taki. Ƙasa ce da aka yi ɗaruruwan shekaru ana ciyar da ita. Ita ce yanzu take ƙarƙashin daɓen siminti.

Maɓallin yana hannun gwamna

A Najeriya akwai wanda doka ta ba ikon matsar da layi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa kuma aka dasa ta cikin kundin tsarin mulki, ta ɗora dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Shi ke ayyana wane yanki ne birni, ta hanyar sanarwa a mujallar gwamnati. Abin da ya zama birni yana ƙarƙashinsa kai-tsaye. Abin da ya rage karkara, irin su Balan, ƙaramar hukuma ce ke da ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya a kansa. Gwamna kuma yana iya soke mallakar kowa idan akwai buƙatar jama'a, kamar titi ko makaranta ko sabuwar unguwa.

Inda manomi ke kuka shi ne diyya. A tsarin dokar, abin da ake biya shi ne abin da mutum ya yi a kan ƙasar: gini, ko bishiyoyi, ko amfanin gonar da ke tsaye. Ita ƙasar kanta, wadda gobe za a yanka fulotai a sayar da tsada, ba ta cikin lissafinsa. Mai gonar da ke da mangwaro biyu da kuka ɗaya, su za a ƙirga masa. A Kano an yi ƙoƙarin rage wannan raɗaɗi da tsarin da jama'a ke kira kashe-mu-raba, inda ake ba mai gona wani kaso na fulotan da aka fitar daga gonarsa maimakon a sallame shi da kuɗin amfanin gona kawai. Ya fi na da, sai dai wanda ya karɓi fuloti ya daina zama manomi, kuma da yawa sukan sayar tun unguwar ba ta yi daraja ba.

Tunanin cewa akwai fili da babu kowa a kai ba a wasan kwamfuta ya tsaya ba. Lokacin da Janar Murtala Muhammed ya sanar da Abuja a matsayin sabon babban birni a Fabrairun 1976, an ware kimanin murabba'in kilomita 8,000 da niyyar kwashe duk mazauna a sake musu matsuguni. Da aka ga yawan Gbagyi da sauran ƙabilun da ke ciki da kuɗin da aikin zai ci, sai aka sauya shawara. Har yau rigimar ba ta mutu ba.

Awon igiya

Mafi yawan faɗaɗar Kano ba daga ofishin gwamna ko na hukumar tsara birane ta KNUPDA ta fito ba. Daga igiya ta fito.

Kowa a gefen birni ya san yadda ake yi. Mai gona ya rasu, magada sun yi yawa, kason kowa bai isa noma ba. Ko kuma aure ya taso, ko jinya, ko kujerar Makka. Wani lokaci jita-jita ce kawai cewa gwamnati za ta yi awo a yankin, sai mai gona ya ga gara ya sayar da kansa tun ba a ƙirga masa bishiyoyi ba. Dillali ya saye gonar, ya kawo igiya ya yanka ta fulotai, ƙafa 50 tsawo 50 faɗi ko ƙasa da haka, ya bar lungun da da ƙyar A Daidaita Sahu zai shiga. A rubuta takarda, shaidu da mai unguwa su sa hannu. Mai saye ya yi sauri ya zuba harsashi ko ya tayar da ɗaki ɗaya don kada a sayar wa wani.

A takarda, dokar 1978 ta hana yanka ƙasar noma ta karkara zuwa fulotai yadda mutum ya ga dama. A ƙasa kuma, unguwanni sukutum haka suka samu. Kuma zai zama rashin adalci a ɗora laifin a kan mai saye. Awon gwamnati kaɗan ne, yana da tsada, kuma talaka ya daɗe da yarda cewa sai mai uwa a gindin murhu ke samu. Malamin firamare ko ɗan kasuwar tebur da haya ta ishe shi, fulotin awon igiya ne kaɗai abin da hannunsa zai kai.

Matsalar tana zuwa ne daga baya. Dillali ba ya cin riba a filin makaranta, ko asibiti, ko maƙabarta, ko magudanar ruwa, don haka ba ya barin su. Sai unguwa ta cika sannan a fara neman inda za a dasa taransifoma. Idan gwamnati ta zo yin titi bayan shekara 20, sai ta rusa gidaje ta biya diyyar da ta ninka abin da za ta kashe da an bar hanyar tun farko.

A cikin tsohon birni kuma, da fili ya ƙare sai aka juya kan abin da magabata suka bari. An cike kududdufai da shara da ƙasa an yi gini a kai, ruwan da suke shanyewa ya koma cikin gidaje da kasuwanni. An yanka jikin ganuwa an yi shaguna, duk da cewa tun 2007 tana cikin jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa UNESCO don neman a sa su cikin kayan tarihi na duniya. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi.

Katafilar gaske

A wasan, rusau daƙiƙa ɗaya ce. A watan Yunin 2023, kwanaki kaɗan bayan rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf, katafiloli suka shiga gine-ginen da ke filin sukuwa, da tsohon otal ɗin Daula, da shagunan Filin Idi, bisa hujjar cewa filayen jama'a ne da gwamnatin baya ta rabar ba bisa ƙa'ida ba. Masu shagunan Filin Idi, waɗanda suka ce da takardun gwamnati suka yi gini, suka tafi kotu. A watan Satumba Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta ce a biya su Naira biliyan 30, daga baya ɓangarorin suka sasanta a kan biliyan uku. Gwamnati ɗaya ta buɗe fili, wata ta rufe, baitulmalin jama'a ya biya.

Wanda ya fi muni shi ne na Rimin Zakara a Ƙaramar Hukumar Ungogo. Shekaru da dama ana taƙaddama a kan filin, Jami'ar Bayero tana cewa yana cikin wanda aka ware mata tun da daɗewa, mazauna suna cewa gadon iyayensu ne. A farkon Fabrairun 2025 aka shiga rusau da rakiyar jami'an tsaro, aka yi arangama, rahotanni suka ce mutum huɗu sun rasa rayukansu. An zana layi a taswira, aka bar shi shekaru ba a yi komai ba, mutane suka ci gaba da haihuwa da gini a ciki.

Akwai kuma akasin haka. Rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, waɗanda aka gina tsakanin 2011 da 2015, an yi musu tituna da tsari irin wanda mai wasa zai yi alfahari da shi, amma gidaje da yawa sun yi shekaru babu kowa a ciki. A wasa, da ka ware unguwa ka ja mata ruwa da wuta, motocin masu tarewa za su fara shigowa. A Kano sai mutum ya duba kuɗin gidan, da nisan wurin sana'arsa, da makarantar 'ya'yansa.

Inda wasan ya faɗi gaskiya

Duk da haka, raina wasan kuskure ne, domin akwai darasin da yake koyarwa wanda dillalan filaye da wasu jami'ai ba su koya ba. Sabon fili ɗawainiya ne. Kowane titi da aka shimfiɗa yana cin kuɗin gyara har abada, kowace unguwa mai nisa tana buƙatar bututun ruwa da motar shara da asibitinta. Ɗan wasan da ya yi haɗama ya buɗe fili da yawa lokaci guda, asusunsa zai koma ja. A watan Yunin 2024 masu Cities: Skylines na biyu ma sun ƙara wata ƙa'ida: bayan yankunan farko da aka ba ka, duk wanda ka saya sai ka riƙa biyan kuɗin riƙe shi, ko ka yi gini a kai ko ba ka yi ba. Wanda ya san yawan fulotan da aka kewaye da katanga aka bari ciyawa ta cinye a gefen Kano ana jiran su yi tsada, zai gane abin da suke nufi.

Haka batun ruwa. A wasan, idan ka zuba ƙazantar gari a kogi sama da inda kake ɗibar ruwan sha, jama'arka za su kwanta ciwo. Idan ka tare hanyar ruwa, zai bi ta cikin gidaje. Wannan ba sabon labari ba ne a gabashin Kano. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa su wuce ta Wudil su nufi Haɗeja, kuma Wudil da Warawa da Ajingi suna cikin ƙananan hukumomin da sunansu ba ya ɓacewa a gargaɗin ambaliya na kowace damina. Fadamar da ta bushe a watan Maris tana kama da fulotin da ya yi arha.

Wasu ƙasashe sun ga amfanin haka. A 2016 hukumomin Stockholm a Suwidin sun yi amfani da Cities: Skylines wajen tattaunawa kan tsarin wata sabuwar unguwa, birnin Hämeenlinna na Finlan kuma ya sa gasar tsara wani yanki nasa da wasan. Hukumar kula da matsugunai ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana amfani da Minecraft tun 2012, ta fara da unguwar Kibera a Nairobi, domin mazauna su nuna da hannunsu yadda suke son filin unguwarsu ya kasance. Bambancin shi ne a waɗannan wurare masu filin ne ke zaune a gaban allon.

Kafin igiya ta iso Balan

Balan ba Mariri ba ce, kuma ba gobe birni zai iso ta ba. Amma abubuwan da ke ɗaga darajar ƙasa sun fara taruwa a wannan shiyya. Tun 2006 aka ba da kwangilar mayar da titin Kano zuwa Maiduguri tagwaye. Wudil tana da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha tun 2001, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, ga Kwalejin 'Yan Sanda, ga kasuwar shanu ta ranar Juma'a. Gaya kanta ta zama hedikwatar masarauta a 2019, kuma bayan sauye-sauyen 2024 ta koma masarauta mai daraja ta biyu da ta haɗa Gaya da Ajingi da Albasu. Duk inda kwalta da ɗalibai da ma'aikata suka je, masu neman fuloti suna biye.

A gari irin Balan, matsin farko ma daga cikin gida yake fitowa. Saurayi zai yi aure, gidan gado ya cika, sai a yanka masa wuri a gonar da ke bayan katanga. Ita ce kuwa gonar da ta fi kowace shan taki, domin ita ta fi kusa da turken dabbobi da juji. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Gaya kimanin mutum dubu 200, kuma yaran da aka ƙirga a goye a lokacin yanzu su ne masu neman wurin gini. Gari yana faɗaɗa a hankali, ɗaki ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya zauna ya ce nan titi zai bi, nan makaranta, nan hanyar ruwa, nan burtali.

Abin da Balan ke da shi wanda Rimin Zakara ta rasa shi ne lokaci. Ikon ƙasar karkara yana hannun ƙaramar hukuma, dagatai da masu unguwanni sun san iyakokin gonaki da ka, kuma ware hanya a gonar da ba a yi gini ba ya fi rusa gida sauƙi nesa ba kusa ba. Jami'ar Wudil da ta Bayero duk suna yaye ɗaliban tsara birane, wasunsu 'ya'yan waɗannan garuruwa ne.

Cities: Skylines yana ba da damar a shigar da taswirar tudu da kwarin wani wuri na gaske a yi gini a kai. Ɗalibin da ya ga dama zai iya ɗauko yankin Gaya da Ajingi ya sa a kwamfutarsa, ya ga inda ƙasa ta gangara da inda ruwa zai bi, ya gwada titi nan ya gwada can. Taswirar za ta fito masa fayau, babu gona ko ɗaya. Sunayen masu gonakin, da wadda aka jinginar, da wadda ke hannun marayu, da wadda magada ba su gama rabawa ba, sai ya je zauren mai unguwa ya tambaya.